Ɗalibaina sun haddace illolin taba, amma bakinsu yana mutuwa a gaban majiyyaci

Assalamu alaikum, Likita. Ni ƙaramin likita ne, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa a makarantar koyon aikin likita. A wannan zangon an ɗora mini nauyin shirya ɗaliban da suka soma shiga ɗakunan marasa lafiya kan yadda za su taimaki majiyyaci ya rabu da shan taba, aka kuma ware mini awa shida kacal. Na cinye awa biyu ina yi musu lacca a kan illolin taba, na jarraba su a rubuce, kusan dukkansu suka ci. Sai ga shi a makon jiya, lokacin zagayen duba marasa lafiya, na tura wata ɗaliba wurin wani dattijo mai kimanin shekara 60 da tari da haki suka kwantar. Ta tambaye shi ko yana shan taba, ya ce e, ta rubuta a fayil, ta wuce zuwa tambaya ta gaba. Kashegari wani ɗalibin ya je wurin dattijon nan ya ce masa, "Baba, ai kai ka jawo wa kanka, idan ba ka bari ba ita za ta yi ajalinka." Dattijon ya juya fuskarsa ga bango, bai sake cewa uffan ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Ni kaina na sha taba shekara takwas. Na bari shekara uku da suka wuce, bayan na gwada sau huɗu ina komawa, kuma babu wanda ya san haka a wurin aikina. Duk lokacin da na tsaya a gaban aji sai in ji kamar munafurci nake yi. Yaya zan yi da awa huɗun da suka rage, kuma shin in gaya wa ɗaliban gaskiyata?

Daga wani malamin likitoci.

Wa'alaikumus salam, ƙanena likita.

Zan fara da ɗaliban nan biyu, domin a wurinsu amsar tambayarka ta farko take. Kada ka ɗauki yarinyar a matsayin mai sakaci, kada kuma ka yanke wa yaron hukuncin rashin tarbiyya, ko da yake maganarsa ta yi zafi ƙwarai. Kowannensu abin da aka koya masa ya yi. Ita an nuna mata cewa shan taba gurbi ne a takardar ɗaukar bayani, da ta cike gurbin sai ta ga ta sauke nauyi. Shi kuma an ɗura masa jerin cututtuka, daga sankarar huhu zuwa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sai ya kwashe su ya jefi mutumin da su, domin ba shi da wani abin da zai miƙa masa. Ina kyautata zaton babu ɗayansu da ya taɓa tsayawa a bayan babban likita ya ji da kunnensa yadda ake buɗe wannan magana da yadda ake rufe ta. Saboda haka kada ka ƙara ko da rabin awa na lacca a kan illolin taba. Awa huɗun da suka rage na bakin ɗalibai ne: su yi ta furta kalmomin, kana saurare kana gyarawa, har maganar ta zauna musu kamar yadda ɗaura abin awon jini ya zauna wa hannuwansu.

Wannan giɓi ba a makarantarku kaɗai yake ba. Tun daga 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka riƙa tambayar ɗaliban aikin lafiya a ƙasashe da dama, amsar kuma ta yi ta maimaita kanta: mafi yawan ɗaliban sun yarda cewa aikinsu ne su taimaki majiyyaci ya bar taba, amma a akasarin wuraren tsiraru ne suka ce an taɓa koya musu yadda ake yi.

Kafin ka sa su motsa baki, sai ka cire musu wani tunani da yake ɗaure harshen likitoci manya da ƙanana, wato cewa maganar ɓata yawu ce, tun da mashayi ba ya jin bari. A 1979 wani likita mai bincike a Landan, Michael Russell, tare da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mashaya sama da 2,000 da ke zuwa ganin likitocinsu. A cikin waɗanda ba a ce musu komai ba, ko mutum 1 cikin 100 bai cika ba da ya bari ya kuma shekara bai koma ba. A cikin waɗanda likita ya yi wa nasihar minti ɗaya ko biyu, ya ba su 'yar takardar bayani, ya kuma gaya musu za a sake bibiyarsu, mutum 5 cikin 100 ne suka shekara ba su koma ba. Na san wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce biyar cikin ɗari ai ba wani abu ba ne. Ka sa shi ya ɗauki alƙalami ya lissafa mashaya nawa za su zauna a gabansa cikin shekara talatin na aiki, sa'annan ka ajiye masa lissafin Richard Doll da Austin Bradford Hill a gefe. Su ne suka fara bin diddigin lafiyar likitocin Birtaniya a 1951, kuma rahoton shekara 50 na binciken, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa wanda ya dawwama a kan sigari yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yana ceto kusan dukkansu, mai shekara 40 ya ceto 9, mai 50 ya ceto 6, mai 60 kuwa ya ceto kimanin 3. Dattijon da ke kwance a ɗakinku yana cikin rukunin ƙarshe. Magunguna nawa ne muke rubutawa kullum da za su iya ƙara wa mai shekara 60 shekara uku?

To, wace magana ce za su furta? Kundin ƙa'idojin da hukumomin lafiya na Amurka suka fitar a 2000, suka sabunta a 2008, ya tsara matakai biyar: a tambaya, a ba da shawara, a auna shirin mutum, a taimaka masa, a sa ranar sake haɗuwa. Tsari ne mai kyau, ya kuma kamata su san shi, amma da ni ne ba da shi zan fara ba, domin abin da yake cin minti goma ba ya rayuwa a ɗakin ganin likitan da layi ya kai bakin ƙofa. A Ingila an taƙaita shi zuwa abin da bai wuce daƙiƙa 30 ba: ka tambaya, ka faɗa masa hanyar da ta fi aiki, ka haɗa shi da taimako nan take. Kundin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yulin 2024 a kan taimakon manya su bar taba shi ma ya nemi ma'aikatan lafiya su mayar da gajeriyar nasiha, ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3, wani ɓangare na aikinsu na yau da kullum. Ɗalibin da ya iya ta daƙiƙa 30 har ta zama masa jiki zai iya faɗaɗa ta ranar da ya sami sarari, amma wanda doguwar kaɗai ya sani zai yi ta jiran ranar da babu cunkoso, ranar kuwa ba za ta zo ba.

A cikin waɗannan matakai uku na Ingila, na tsakiyar ne ya kamata ka daɗe a kansa, domin a nan ɗalibinka ya kauce hanya. Babu mashayin da bai san taba tana kisa ba, a ƙasashe da yawa ma gargaɗin yana rubuce a jikin kwalin da ke aljihunsa. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne akwai magani da ke rage wahalar rabuwa da ita, kuma likitan da ke gabansu a shirye yake ya tsaya musu. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2012 ya nuna cewa yi wa mashayi tayin taimako ya fi sa shi yunƙurin bari fiye da gaya masa kawai ya bari saboda lafiyarsa. Ka rubuta musu maganar a allo da harshen da majiyyatansu suke ji, misali kamar haka: "Baba, wannan tarin da yake hana ka barci yana da alaƙa da tabar, kuma a cikin duk abin da za mu yi maka a nan babu wanda zai kai barinta amfani. Na san ba abu ne mai sauƙi ba. Akwai magani da yake rage wahalar, idan kuma aka haɗa shi da taimakonmu an fi samun nasara nesa ba kusa ba. Kana so mu gwada tare?" Ka lura cewa an ɗaura maganar a kan tarin da ya kawo shi asibiti, wanda yake ji a ƙirjinsa a daren jiya, an kuma ƙare ta da tambaya.

Bayan tambayar sai shiru, shirun nan kuwa shi ne abin da ya fi wa ɗalibai wuya. Ka umarce su su ƙirga goma a zuci kafin su sake magana. A cikin wannan ɗan tsakanin ne mutum yakan ce ya gwada bara bai iya ba, ko ya ce ita ce kaɗai take kwantar masa da hankali tun da ya rasa aikinsa, ko ya ce kakansa ya sha taba har ya haura shekara casa'in. Abin da zai fara zuwa bakin ɗalibi shi ne musu, ya kawo alƙaluma ya kayar da hujjar kakan. William Miller da Stephen Rollnick, waɗanda suka tsara salon tattaunawar da ke zaburar da mutum ya sauya halinsa da kansa, sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan ɗoki na gyara mutum, domin idan likita ya kama ɓangaren bari, majiyyaci ɓangaren sha zai kama, kuma duk hujjar da ya furta da bakinsa ƙara zama take yi a zuciyarsa. Ka koya musu su tambaya a maimakon su yi gardama. "Me tabar take yi maka?" Bayan ya amsa: "Me kuma ba ka so game da ita?" Akwai wata tambayar da nake ƙauna ƙwarai. A ce masa, daga sifiri zuwa goma, a ina yake ajiye son da yake wa barin taba. Idan ya ce huɗu, kada a tambaye shi abin da ya hana shi cewa takwas, a tambaye shi abin da ya sa bai ce biyu ba. Nan take za ka ji mutum ya fara kawo dalilansa da kansa, ya ambaci jikarsa da take gudun warin rigarsa, ko matakalar da yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya ƙare ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuma duk da haka ya ce ba yanzu ba, ɗalibi ya karɓa da fuska a sake, ya ce masa ƙofa a buɗe take, zai kuma sake tambayarsa a zuwa na gaba, sa'annan ya rubuta hakan a fayil domin wanda zai gan shi bayansa.

Shi yaron da ya yi faɗa, ilimin da zai tausasa masa harshe yana cikin darasin da ya riga ya ci jarrabawarsa, sai dai ba a haɗa masa shi da ɗan Adam ba. Nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, rabinsa kuma yana barin jini cikin kimanin awa biyu, shi ya sa mashayi yake wayar gari jikinsa yana nema. Mai shan kara 20 a rana, idan yana zuƙar kowane kara sau goma, ya zuƙa sau 200 ke nan a yini, fiye da sau 70,000 a shekara, kuma kowace zuƙa tana ƙulla tabar da wani abu na rayuwarsa, gama cin abinci ne, ɓacin rai ne, zaman hira ne ko kaɗaici. Akasarin mashaya sun fara tun ba su kai shekara 20 ba. A cikin waɗanda suke yunƙurin bari ba tare da wani taimako ba, kimanin 3 zuwa 5 cikin 100 ne kawai suke daɗewa ba su koma ba. Ka sa ɗalibin ya lissafa zuƙa nawa dattijon nan ya yi a shekara arba'in, sa'annan ka tambaye shi ko har yanzu yana ganin kalmar "kai ka jawo wa kanka" ta wadatar. Daga nan kuma zai fahimci dalilin da ya sa, bayan tambayar kara nawa a rana, tambayar da ta fi nuna zurfin kamu ita ce: "Idan ka farka, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko?" Tana cikin ma'aunin Fagerström, wato jerin tambayoyin da ake auna zurfin kamun taba da su, kuma wanda ya ce bai kai rabin awa ba, balle minti biyar, kusan tabbas zai buƙaci magani. Su kuma saba tambayar shisha da tabar da ake taunawa ko shaƙa, domin mutane da yawa za su ce ba sa shan taba alhali sigari kawai suke nufi.

Game da magunguna, ka kawo su aji a hannunka. Likitan da bai taɓa ɓare filastar nikotin ba ba zai rubuta ta da ƙarfin zuciya ba. Ka ba su su taɓa, su karanta abin da ke jikin kwalin, su gwada bayyana wa juna cewa ana manna ta a busasshiyar fata marar gashi, ana kuma sauya wuri kowace rana. Ka nuna musu cewa cingam ɗin nikotin ba a tauna shi kamar sauran cingam: ana taunawa a hankali har a ji ɗan yaji a baki, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya lafa a sake taunawa, haka har kimanin rabin awa, kuma ba a shan kofi ko wani abu mai tsami dab da shi domin yana hana nikotin shiga jiki. Majiyyata da yawa da suke cewa cingam ɗin bai yi musu aiki ba, ko ya sa su shaƙuwa da ƙwarnafi, tauna shi suka yi da sauri suka haɗiye yawun, domin babu wanda ya nuna musu. Waɗannan magungunan maye gurbin nikotin suna ƙara yiwuwar nasara da kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100, haɗa filasta da mai saurin aiki irin cingam kuma ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Ɗalibai da majiyyata duka za su tambaye ka yadda za a yi maganin nikotin da nikotin. Russell ɗin nan ya amsa wannan tun 1976, inda ya ce mutane don nikotin suke shan taba, amma kwaltar hayaƙin ce take kashe su.

Sauran magunguna ukun da kundin 2024 ya amince da su ƙwayoyi ne. Bareniklin ana fara shi kimanin mako ɗaya kafin ranar bari, a sha mako 12, kuma a faɗa wa majiyyaci tun farko cewa yakan kawo tashin zuciya da mafarkai masu yawa. Bufurofiyon ba a ba mai farfaɗiya. Sayitisin daga tsiro ake samunsa, an daɗe ana amfani da shi a Gabashin Turai tun shekarun 1960. Akwai kuma abu ɗaya da nake roƙon kada ka tsallake, domin ana yawan mantawa da shi: hayaƙin taba yana sa hanta ta hanzarta narkar da wasu magunguna, irin su tiyofilin na asma, da kulozafin da olanzafin na taɓin hankali, saboda haka idan mai shan su ya bar taba yawansu a jini zai iya hawa, sai an sake duba adadin da ake ba shi. Inda kuma magungunan ba sa samuwa, ko majiyyaci ba shi da halin saye, kada ɗalibi ya ɗauka hannunsa wayam ne. Zai iya sa mutum ya tsayar da rana cikin mako biyu masu zuwa, ya kwashe sigari da ashana da mazubin toka daga ɗakinsa tun daren jajibiri, ya sanar da iyalinsa, ya san cewa kwanakin farko su ne mafi tsanani, wahalar kuma tana raguwa cikin mako uku zuwa huɗu, kowace ƙishirwar taba kuma mintoci kaɗan take yi ta wuce. Zai iya gaya masa gaskiya cewa mai yiwuwa ya ƙara nauyin kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kuma wannan bai kama ƙafar illar tabar ba. Mafi muhimmanci, ya sa ranar da za a sake ganinsa ko a kira shi a waya cikin makon farko, domin a nan aka fi faɗuwa.

Tsarin ajin kansa ba shi da wuya. Ka raba su uku-uku, ɗaya likita, ɗaya majiyyaci, ɗaya mai riƙe agogo yana lura, a ba su minti uku, sa'annan su yi musaya. Ka rubuta wa masu fitowa a matsayin majiyyata labarinsu a 'yan katuna: mai juna biyun da mijinta yake sha a ɗaki, saurayin da yake ganin shisha ba taba ba ce, mai jiran tiyata wanda barin taba mako huɗu kafin aikin zai rage masa matsalar huhu da ta warkewar rauni, mai shan maganin tarin fuka, da wanda ya bari wata shida ya koma yana jin kunyar faɗa. Su naɗi muryoyinsu a waya su saurara. Ɗalibin da ya ji kansa yana katse majiyyaci sau uku cikin minti ɗaya ba ya buƙatar ka ƙara masa bayani. Wannan hanya tsohuwa ce a koyar da likitoci, tun farkon shekarun 1960 Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane su kwaikwayi marasa lafiya domin ɗalibai, a 1975 kuma Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee suka bayyana jarrabawar nan ta tasha-tasha da ake zagayawa ana gwada ƙwarewar aiki. Ka je wurin masu tsara wannan jarrabawa a makarantarku ka nemi a ba nasihar barin taba tasha guda mai maki, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi a jarrabawa yake ɗauka da nauyi. A ɗakin marasa lafiya kuwa, duk wanda ya gabatar maka da majiyyaci ya ce yana shan taba, ka tsayar da shi cikin natsuwa ka tambaye shi, "Me ka ce masa, shi kuma me ya ce?" Mako biyu idan ka yi kana wannan tambaya, za ka ga sun fara zuwa da amsarta. Kai ma ka riƙa yin nasihar a gabansu a kowane zagaye, ko da ta rabin minti ce, domin abin da suka ga manya suna tsallakewa shi za su ɗauka ba shi da muhimmanci, komai yawan abin da aka faɗa a aji.

Yanzu sai maganar da ta fi damunka. Ƙanena, babu munafurci a cikin al'amarinka. Munafuki shi ne mai faɗar abin da bai yarda da shi ba, kai kuwa ka yarda da shi har ka faɗi sau huɗu ka tashi sau biyar. Richard Doll kansa mashayi ne lokacin da ya fara binciken sankarar huhu, abin da ya gani a cikin alƙaluman ne ya sa ya bari. Komawa bayan an bari abu ne da yawancin waɗanda suka yi nasara suka ratsa ta cikinsa, kuma abin da ɗalibanka za su karanta a takarda game da wahalar kwana na uku bayan an bari, da rashin barci, da saurin fushi, da kara ɗayan da mutum yake ce wa kansa ba zai yi komai ba, kai a jikinka ka san shi.

Ba dole ba ne ka faɗa. Sirrinka ne, kai ka san mutanen da kake aiki da su, idan kuma kana ganin za a mayar da shi abin yi maka gori, kana iya ba da labarin ba tare da ka ce naka ne ba. Amma tun da ra'ayina ka nema, ni ina ganin ka faɗa, sau ɗaya, a taƙaice, a darasin da ya shafi wanda ya koma, kuma ba da muryar mai neman gafara ba. Ka gaya musu abin da ya mayar da kai a kowane karo da abin da ka sauya a karo na biyar. Ka kiyaye abu biyu: kada hanyar da ta yi maka aiki ta zama ma'aunin da za a auna kowa da shi, kada kuma su ɗauka cewa ba da labarin kai ga majiyyaci shi ne nasiha, domin lokacin ganin likita na majiyyaci ne. Dalilina mafi ƙarfi shi ne, a ajin nan da wuya a rasa masu shan sigari ko shisha a ɓoye, suna zaune suna jin irin nauyin da kake ji, an kuma daɗe da sanin cewa likitan da yake shan taba ya fi saurin tsallake wannan magana da majiyyatansa. Idan ka rufe da cewa duk mai son taimako ya same ka shi kaɗai, babu wanda zai ji, mai yiwuwa ka yi wa majiyyatan da ba ka taɓa gani ba aikin da laccarka ba ta yi ba. Ka kuma lura da kanka a makonnin nan, domin yawan zancen taba yakan ta da tsohuwar ƙishirwa, idan ka ji alamarta ka nemi wanda ka amince da shi tun da wuri.

Idan ba a sallami dattijon nan ba, kada ka bar maganarsa ta kwana. Ka kira ɗalibin gefe, ba a gaban 'yan ajinsu ba, ka tambaye shi abin da ya gani a fuskar mutumin, ka bar shi ya faɗa da kansa. Daga nan ku tafi tare, ka gayyaci ɗalibar nan ita ma. Ku ja labule, ɗalibin ya jawo kujera ya zauna yadda idonsa zai daidaita da na dattijon, ya gaishe shi, ya tambayi kwanan jiki, sa'annan ya ce, "Baba, rannan na yi maka magana yadda bai kamata ba, ka yi haƙuri. Idan ka yarda ina so in ji daga bakinka yadda kake ciki da tabar nan." Kai ka tsaya daga baya, kada ka sa baki sai idan maganar ta kai ga magani. Idan dattijon ya ƙi juyowa, ku yi masa sallama cikin girmamawa ku koma kashegari. Idan kuma ya juyo ya fara magana, ka sa ɗalibar ta rubuta abin da ya faɗa a fayil, a ƙarƙashin layin da ta rubuta a makon jiya, tare da ranar da za a sake zama da shi.